Yadda Za Ka Zama Injiniyan Sauti a Ɗakin Ajiyar Gidanku

Kai saurayi mai kwamfutar aro da dogon buri, matso kusa. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, tabbas za ka zama injiniyan sauti, kuma duk layinku sai an san da kai. Na biyun nan har rantsuwa ana iya yi a kansa.

Ba daga littafi aka kwaso darasin ba. Daga rayuwar wani Auta aka ɗebo shi, wanda mahaifinsa ya ba wa wa'adi: kafin wata ya ƙare ya nuna cewa danne-dannen da yake yi a kwamfuta sana'a ce, in ba haka ba ya bi Kawunsa shagon fenti ya kama dama kala. Auta kuwa ba abin da ke tayar masa da zuciya kamar warin fenti. Yadda ya yi, haka za ka yi.

Mataki na ɗaya: Naɗa kanka

Kar ka jira wani ya ba ka suna, mutane na da rowar yabo. Auta tashi ya yi wata safiya ya sanar a tsakar gida cewa daga yau Injiniya ake ce masa.

Ummansa ta ce, "Allah ya sa albarka. Injiniya, zo ka duba min famfon nan, yoyo yake."

"Umma, ni na sauti ne."

"Ai shi ma sautin yake yi, shi ya dame ni."

In an yi maka haka kar ka karaya. Suna ake fara samu, sani ya biyo baya in ya ga dama.

Mataki na biyu: Ƙwace ɗaki

Kowane gida yana da ɗakin da ake jefa abin da ba a so kuma ba a iya yarwa. A gidan su Auta akwai fankar da ta rasa fiffike ɗaya, da keken da ba taya, da katifar baƙi, da wani buhu da ba wanda ya tuna abin da ke cikinsa. Ya tura su lungu, ya ajiye teburin guga a tsakiya, ya ce situdiyo ke nan.

Tagar ɗakin tana kallon inuwar da Baba ke ajiye kujerarsa da rediyonsa kullum tun da ya yi ritaya. Kar wannan ya dame ka. Auta ma bai dame shi ba.

Mataki na uku: Kwalin ƙwai

Nan ne zuciyar sana'ar, ka buɗe kunne. Auta ya ga bidiyon manyan ɗakunan ɗaukar sauti, ya lura bangonsu tudu da kwari ne. Ya zauna ya yi tunani mai zurfi a kan abin da ke da tudu da kwari kuma kyauta ake samunsa, sai ya miƙe ya nufi wajen mai ƙwai na bakin titi.

Mai ƙwai ya ce, "Kiwon kaji za ka fara?"

"Sauti zan tsare da shi."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ka ɗebi na ƙasan, su ne suka fi wari."

Auta ya manne bango da kwalayen, ya manne silin, ya manne ƙofa, ya manne taga. Sannan ya yi gwaji irin na masana: ya rufe ƙofa, ya ɗora hedfon a kunne, ya ƙure kiɗa, ya kwarma ihu, ya saurara. Bai ji motsin kowa daga waje ba. Tunda shi ba ya jin su, sai ya yanke hukuncin su ma ba sa jin sa.

Wani zai ce maka ka sa mutum ya tsaya a waje ya saurara. Wannan aikin masu shakkar kansu ne. Gaskiyar magana, kwalin ƙwai ba ya hana sauti fita, ɗan amsa-kuwwar cikin ɗaki kawai yake ragewa. Amma ba a gaya wa sabon injiniya irin wannan magana, sai gwiwarsa ta yi sanyi.

Mataki na huɗu: Tara manhaja

Ari kwamfutar Yayarka, ka ce na kwana biyu ne. Sauke duk wata manhajar kiɗa da aka rubuta "kyauta" a jikinta, har kwamfutar ta fara nishi. Ba sai ka iya amfani da su ba, tarin shi ne kwarjini.

Koyi kuma maganar 'yan sana'a. In an kunna waƙa a gabanka, lumshe ido, yamutsa fuska, ka ce, "Bes ɗin ya yi laka." Ba wanda zai tambaye ka ma'anarsa, kowa tsoron a gane bai sani ba yake. Yaya kaɗai ta tambaya, Auta ya ce bayanin zai yi mata nauyi. Ta ce kwamfutar ma ta yi masa nauyi, ya dawo da ita. Sai da Umma ta sa baki.

Mataki na biyar: In ba mawaƙi, kai ne mawaƙi

Sabon injiniya ba ya samun mai kawo aiki, wa'adi kuma ba ya jira. Dole uwar na ƙi. Auta ya rubuta waƙa da kansa, amshinta "Baba kar ka kai ni fenti", ya tsaya gaban makirfo ya fara.

Abin da za ka fahimta shi ne, waƙa biyu ake yi a lokaci guda. A cikin hedfon akwai ganga, akwai jita, akwai wata murya da manhaja ta ɗan shafa wa mai. A tsakar gida kuwa ba kiɗa ko kaɗan, tsurar muryar Auta ce ke fitowa ta taga, layi ɗaya ana maimaita shi daga hantsi har la'asar, sai ka ce akuyar da ta maƙale a shinge.

Rana ta biyu maƙwabciya ta shigo da mayafinta a hannu tana tambaya wa ba lafiya. Yaya ta ce ko a ba shi maganin ciki. Umma ta ajiye ludayi ta nufi ƙofar don ta gaya masa ana jin sa har titi, sai Baba ya ɗaga mata hannu.

"Ku bar shi. Wa'adi na ba shi, ban ce ya cika shi a shiru ba."

Ya miƙa hannu ya kashe rediyonsa. Mutumin da ko wanka zai shiga sai ya jingine rediyo a bakin ƙofa, ya zauna ƙarƙashin tagar nan kullum yana kallon ƙasa.

Shi kuwa Auta, da yake ya tabbata daga shi sai kwalin ƙwai, sai ya saki jiki. Wata rana da yamma ya ƙara baiti na uku. A ciki ya ce ba fentin yake tsoro ba, kallon da Baba ke yi masa yake tsoro, kallon mai shukar da ba ta tsiro ba. Muryarsa ta karye a tsakiya. Ya saurara sau ɗaya, kunya ta kama shi, ya goge baitin gaba ɗaya, ya gode wa Allah da ba wanda ya ji.

Mataki na shida: Miƙe abin da ya karkace

A nan kam ba a so a faɗa ba, amma akwai aiki. Da Auta ya cire kiɗan ya saurari muryarsa tsirara, sai da ya cire hedfon ya duba bayansa ko wani abu ne ya shigo ɗakin.

Sai ya duƙufa. Muryar tana kwance a fuskar kwamfuta kamar igiyar shanya da iska ta kaɗa, shi kuma yana binta gaɓa gaɓa: wadda ta faɗi ya ɗago ta, wadda ta haye ya sauko da ita. Ya yanke shessheƙar numfashi. Ya zare ƙarar babur daga bayan wata kalma ba tare da ya taɓa kalmar ba, wannan kaɗai ya ci masa yini. Fanka ba ta kunnuwa don makirfo na kama ta, ɗakin kuma zafi da ƙarnin ƙwai. Yakan fito cin abinci jiƙe sharkaf, ya ga kowa na kallon sa da tausayi, ya ɗauka girmamawa ce.

Hikimar wannan mataki: wanda ya koyi gyara a kan murya mai daɗi bai koyi komai ba. Auta ya yi sa'ar kayan aiki.

Mataki na bakwai: Ranar nuni

Ari lasifika. Sa riga mai guga. Tara mutanen gida a tsakar gida, ka yi ɗan jawabi cewa abin da za su ji ba kunnen da ya taɓa jin sa. Auta ya faɗi haka, bai lura Yaya ta cusa gefen mayafinta a baki ba.

Ya danna. Kiɗa ya tashi, wata murya mai sanyi ta hau kansa tana tafiya daidai, ba tuntuɓe. Aka saurara har ta ƙare.

Baba ya ce, "Wane ne wannan ɗin?"

"Ni ne, Baba."

Yaya ta ce, "Haba Auta, ka ji tsoron Allah. Taka ai ga yadda take." Ta buɗe baki ta rero amshin da ainihin muryarsa, har da wurin da yake shaƙewa. Umma ta karɓa mata. Daga bayan katanga yaran maƙwabciya suka ɗauka.

Auta ya dubi tagar, ya dubi kujerar Baba, ya auna tazarar da ido. Bai fi taku ba.

"Ashe kuna ji?"

Umma ta ce, "Mai kantin bayan layi ma ya haddace."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya fara naɗe wayar lasifika, ya ce a hankali, "Gobe zan je wajen Kawu."

Baba ya ce, "Zauna. Sake saka min."

Mataki na takwas: Karɓi hukunci

Baba ya saurara karo na biyu ido rufe. Da ta ƙare ya gyara zama.

"Waƙa dai ba ka iya ba. Na yi shekaru a duniya, ban taɓa jin wanda bai iya ba kamarka. Amma ni na ji abin da ya shiga injin nan, yau kuma na ji abin da ya fito. Duk wanda ya mayar da wancan ya koma wannan, yana da sana'a a hannu. Da ɗakin nan ya tsare sauti yadda kake so, da sai in ce murya Allah ya ba ka, ka tafi fenti kana rera abinka."

Sharaɗi ɗaya ya gindaya: Auta ya nemo masu murya ya riƙa gyara musu, shi kuma bakinsa ya huta. Maƙwabciya daga bayan katanga ta ce amin.

Sai Baba ya ce, "Amma ba ta cika ba. Ina baiti na uku?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Na goge, Baba."

Baba ya tashi, ya kama hannunsa, ya ja shi cikin ɗakin, ya tura ƙofa. Shi ba mutum ne mai yabon ɗa a gaban jama'a ba. Ya tsaya tsakanin katifar baƙi da teburin guga, ya yamutsa hanci don ƙarni, ya yi ƙasa da murya iya ƙasa.

"Wancan kallon da ka ce, ba na mai shukar da ba ta tsiro ba ne. Na wanda bai san irin da ya shuka ba ne, yana tsoron ya yi mata ban-ruwan da zai kashe ta. Ka ji?"

Hawaye ya cika idon Auta. Ya gyaɗa kai kawai.

Daga waje Umma ta ce, "Malam, ɗan ɗaga murya, ba mu ji ƙarshen ba."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya. In kyankyasai sun tare a bangonka, in Yayarka ta ƙwace kwamfutarta da waƙarka a ciki, in yaran layi sun riƙa bin ka da amshi har ka tsufa, kar ka neme shi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. An yi maka alkawarin suna, da ɗaki, da manhaja, duk kyauta. Abu ɗaya ne ba a yi maka alkawarinsa ba, don ba a sauke shi a intanet: uban da zai zauna wata guda yana jin irin wannan murya bai tashi ba. In ba ka da irinsa, shagon fenti da sassafe ake buɗewa.