Guɗar Hajjo da Aka Goge

"...lahiya lau, in ban da ganin ka da ya ɓata min hantsi," in ji Hajjo, ba ta ko ɗago kai daga tsintar wake ba. "Miji ba cefane, sai kaɗe-kaɗe."

Muzzammil jikanta ne, mai kaɗa fiyano a gidajen biki a Kalgo. Ya zauna bakin tabarma, ya ce ai shi ya sa yake shirin sakin ta ya auro mai haƙora. Ta ce ya bari gemu ya fito masa tukuna.

A da, babu amaryar da za a fitar a unguwarsu a Gwandu ba Hajjo ce ta rangaɗa mata guɗa ba. Sai yaron nan ya lallaɓa ya naɗi guɗar a tabulet ɗinsa, ya jona da fiyano, yadda in ya danna wuri guda za ta hau kan kiɗa tare da kalangu da algaitar manhaja. A wani biki ta kama hanci ke nan za ta saki, sai ta ji muryarta ta riga ta fita daga sifika. Mata suka yi ta dariya. Tun ranar take kiran sa ɓarawon murya.

Da damina tari ya kwantar da ita, ya tashi da muryar. Daga nan ta daina tsine wa tabulet. A ranta ta ajiye cewa ranar da za a kai Rumaisa, ƙanwarsa da ta rena tun rasuwar uwarsu, da guɗarta za a fita, ko da daga cikin na'ura ne. Ba ta gaya wa kowa ba. Ga bikin ya zo, Asabar ɗin nan.

Ta lura bai taɓa ƙulin da ta tura masa ba. "Mi ya hana ka cin ƙuli? Ko an kore ka ne?"

Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya faɗa. Tabulet ta ƙi tashi, ya kai wa mai gyara, aka goge komai. Kalangu da algaita ya sake sauko da su, don na kowa ne. Guɗarta ce babu a ko'ina.

Hannun Hajjo ya tsaya cikin waken.

"Ashe ɓarawo ma ana yi mai sata," ta ce, amma zolayar ba ta da gishiri. "Ajiya guda ka kasa riƙewa, ina kai ina riƙon mata?"

"To ki sake yi mini, amaryata. Ko kin tsufa ne?"

"Kakanka ya tsufa."

Ta yi bisimilla, ta kama hanci, ta ja numfashi. Abin da ya fito kamar kukan ƙyauren langa-langa, siriri, ya tsinke a tsakiya. Ta sake, ya fi na farko muni. Ta sauke hannu tana kallon bango.

"Ta tafi, Muzzammil."

Bai taɓa jin ta kira sunansa ba, kullum miji ne ko ɓarawo. Ya sunkuyar da kai kan tabulet, don duka biyun ya naɗa. Ya roƙe ta ta ƙara, ta ce kada ya yi mata izgili. Ya ce sili ɗaya ba ya shara, sai an ɗaure tsintsiya. Ta ƙara, ta kuma ƙarawa, har tari ya tare ta. Shi kuwa yana ta ɗora wannan kan wancan, inda ɗaya ta tsinke wata ta riƙe.

Ya danna. Ba guɗar da ba ce, Hajjo ta san waccan ba za ta dawo ba har abada. Amma wannan ta kai ƙarshe ba ta yanke ba.

"Wanga ai taron tsofaffi ne aka taka musu ƙafa."

"Duk ke ce, matata. Kin ga abin da nake haƙuri da shi."

Dariya ta ƙwace mata, tana yi tana share ido da gefen mayafi. Ta kwance haɓar zani, ta ciro goro ta jefa masa.

"Ka ci, ɓarawo. Da babu gara ba daɗi. Ranar Asabar ka ƙure mata ƙara, kada ɗiyar nan ta fita gidanga shiru."