Cefane Goma na Alhaji Ila

Ƙawata Barira, bar wankin nan tukuna ki ji abin da ya faru a gidan maƙwabciyata Hansatu, don tun shekaranjiya yake cina a ciki.

Hansatu tana da 'yar fari, Zulai, shekararta tara. Yarinya ce mai ladabi, ga wayo, sai dai hankalinta kamar tsuntsu yake, ba ya daɗewa a reshe ɗaya. Ki aike ta sayen gishiri da ashana, kafin ta kai bakin layi ta ga akuya tana cin kwali, shi ke nan. Sai ta dawo ta tsaya miki a ka tana murza bakin hijabi, ta ce, “Mama, me ma kika ce?” An yi faɗan, an yi lallashin, addu'a kuwa ba a fasa ba. Daga baya wata malamar makarantarsu, Malama Kubura, ta kira uwar ta ce ba taurin kai ba ne. Abin da aka faɗa wa yarinyar ne yake tsiyayewa kafin ta yi aiki da shi, kamar ruwa a kwando, kuma akwai horon da take yi wa irinsu. Duk Asabar da safe takan tara su su shida. Ta faɗi abu uku su maimaita, sannan su faɗo su daga ƙarshe zuwa farko, kowane abu da yatsan da aka ɗora shi a kai. In uku sun zauna, a ƙara na huɗu. Cikin ikon Allah, wata biyu ana haka, Zulai ta fara riƙe biyar, in an dace.

To mijin Hansatu yana can Fatakwal wurin aiki, gidan yana hannun mahaifinsa, Alhaji Ila, tsohon tela. Shi da Zulai kullum cikin wasan kaka da jika suke, ya ce mata amarya, ta ce masa ango. Amma zancen Asabar ɗin nan bai taɓa kwanta masa ba. Ranar Laraba ya kira Hansatu, ta zo ta durƙusa daga nesa.

Ya ce, “Wannan ƙirgen yatsun ya isa. Yarinya ta zauna ta koyi aikin gida. Daga wannan satin an daina.”

Ta ce, “Baba, a yi haƙuri. Wallahi ana ganin canji.”

“Canjin me? Mu da muke riƙe awon mutum goma a ka ana jibi Sallah, ba biro ba takarda, wa ya yi mana horo? To bari a gwada. Ki ba ta biyar ɗinta, ni ki ba ni goma, mu tafi kasuwa. In ta kawo biyar cif, ta ci gaba. In ɗaya ya faɗi a hanya, kada in ƙara jin maganar.”

Zulai ta leƙo daga ɗaki ta ce, “Ango, goma ba su yi maka nauyi ba?”

Ya ce, “Ke dai riƙe naki, amaryar da ba ta iya dama kunu ba.”

Hansatu ta faɗa wa yarinyar nata: gishiri, daddawa, kanwa, ashana, allura. Zulai ta bi yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta sake biyo su ta baya. Alhaji kuwa carbi ya zaro, aka jero masa goma, yana ja yana gyaɗa kai. Don ya nuna da sauransa ma, sai ya fito da babur ɗin ɗansa daga zaure, shi da ya yi shekaru adaidaita yake hawa saboda ciwon gwiwa. Ya ɗora jikar a baya suka tafi.

Hansatu ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Ta san 'yarta, ta kuma san kasuwa, inda mai lafiyayyen hankali ma sai ya yi da gaske. Abin da take ta roƙo kawai, Allah Ya sa kada allurar ta faɗi, don ita ce a ƙaramin yatsa.

Bayan la'asar sai ga ƙarar adaidaita a ƙofar gida. Alhaji ya yi sallama ya shigo da ledoji, fuska fal annuri. Ya zauna a tabarma ya fara fitarwa yana ƙirgawa da ƙarfi, yadda har mu nan ta katanga muna ji: tattasai, attaruhu, albasa, manja, kuka, citta, kanumfari, sabulu, zare, busasshiyar kuɓewa.

Ya ce, “Goma. Duba da kyau. Na manta wani abu?”

Hansatu ta kalli zaure, ba kowa. Ba Zulai, ba babur. Amma ke ma kin san 'yar fari: uwa ko sunanta ba ta kamawa, balle ta buɗe baki a gaban suruki ta ce ina 'yata. Ta haɗiye maganar ta dawo, ta sake haɗiyewa. Can dai ta sunkuyar da kai.

Ta ce, “A'a Baba, komai ya cika. Sai dai ko babur ɗin a wurin mai gyara aka bar shi?”

Carbin ya tsaya cak a hannunsa.

Adaidaitar da ta kawo shi ko juyawa ba ta gama ba suka faɗa ciki su biyu. A hanya ne yake faɗa, kamar da kansa yake magana, cewa a ƙofar gabas ya ajiye babur. Yarinyar ta yi sayayyarta a nan bakin ƙofa, ya ce ta dafa babur ɗin kada ta saki sai ya dawo. Shi kuma ya nutsa ciki yana ta bitar goma ɗinsa, ƙafa ta ɗauke shi ta ƙofar yamma inda ya saba hawan adaidaita.

Suna isa suka hango ta. Hannu ɗaya a kan kujerar babur, ɗaya riƙe da leda. Can gefe mai wasa da biri ya tara duk yaran kasuwa, ita kuwa wuya kawai take miƙawa. Wani mai rake da ke kusa ya ce, “Alhaji, taka ce? Fiye da awa guda nake cewa ta shigo inuwa, ta ce an ce kada ta saki.”

Hansatu ta karɓi ledar, ta buɗe. Gishiri, daddawa, kanwa, ashana, ga allura a soke jikin takarda. Ta yi hamdala a zuci.

Mutane sun fara taruwa. Alhaji ya gyara zaman hularsa, ya yi gyaran murya.

Ya ce, “To madalla, kin ci, Asabar kya je. Amma ki sani, amarya, ba mantuwa na yi ba. Da gangan na bar ki, gwada ki nake yi.”

Zulai ta saki babur ɗin, ta yarfe hannunta da ya sage, ta dube shi da tausayi.

Ta ce, “Ba komai, ango. Ni ma haka nake cewa kafin a kai ni wurin Malama Kubura.”

Don Allah Barira, ya tsaya a kunnenki, Alhajin a sahun gaba yake sallah da maigidanki.