Manya Gaba, Ƙanana Baya

Wani mutum ne a garinmu ana ce masa Haladu Mai Lasifika. Sana'arsa jera kujeru da gabatar da manyan baƙi a wurin taro. Ya san wanda zai zauna kan kushin, ya san wanda kujerar roba ta ishe shi. Wannan kam ba a ƙwace masa. Bakinsa ne matsalar. In ka ce ka ga jirgin ruwa, shi ya taɓa tuƙa shi. In ka ce haƙori na damunka, shi ya taɓa cire wa raƙumi uku da filaya.

To, shekarar da ruwa ya cinye gadar kasuwa, ko wadda ta biyo bayanta, shekaru sun fara kuɓuce mini, sai aka ce garinmu ne zai karɓi gasar ces ta yara. Ces ɗin nan dara ce ta ƙasashen waje, mai sarki da sarauniya da dawakai da ƙananan sojoji, kuma duk wanda aka kama sarkinsa an cinye shi. Ƙasashe huɗu za su kara: mu da Nijar da Ghana da Kamaru, kowace da yara huɗu. Aka kuma ce wanda ya shugabanci shirye-shirye shi zai raka yaranmu zagaye na gaba a Ghana, a jirgin sama.

Kowa ya san Malama Talatu Bawa ce ta cancanta. Shekara uku tana koya wa yaran wasan a gindin darbejiyar firamare. Amma kalmar jirgin sama ta shiga kunnen Haladu. Ranar zaman kwamiti sai ga shi tinƙis-tinƙis cikin babbar riga.

Ya ce, "Ces? Ai ni a Masko ta ƙasar Rasha na ƙware. Na buga da wani Bature, gemunsa har cibiya. Ina cin gyaɗa da hagu, ina tura masa da dama. Kafin gyaɗar ta ƙare mutumin nan yana kuka."

Talatu ta ce, "Yaushe ka je Masko, Malam Haladu?"

"Kina goye a lokacin, 'yar nan."

Dattawan kwamiti, waɗanda ba su taɓa ganin allon ces ba, suka dubi juna. Mutumin da ya sa Bature kuka ai ba a barinsa a benci. Suka ba shi shugabanci.

Da safiyar gasa Talatu ta zo ɗakin taro za ta jera kayan wasa a alluna takwas. Haladu ya tare ƙofa.

"Je ki ga masu dafa abinci. Nan aikin ƙwararru ne."

Ya rufe ƙofa, ya zazzage akwatin farko a tebur, ya tsaya yana kallo. Ga wasu dogaye masu kambi a ka. Ga wasu gajeru masu ƙwaryar molo, duk kamarsu ɗaya. Sai ya yi murmushi. Ashe abin da ake ta zuzutawa ke nan? Ai wannan aikinsa ne na kullum. Ya jera sarki da sarauniya da sauran masu faɗa a ji a layin gaba, ya tura ƙananan sojoji layin baya, inda talaka ke zama a kowane taro. Allo takwas, haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya lulluɓe kowanne da farin ƙyalle.

Baƙi suka cika ɗaki. Alƙaliyar wasa daga Yamai ta zo, Hajiya Ramatu Ide. Ko Ide ne ko Idi, Allah ya gafarta mini. Mace ce ƙarama mai tabarau, maganarta a hankali kamar mai lallashin jinjiri. Haladu ya riƙe lasifika rabin awa. Labarin Masko ya sake fitowa, wannan karon gemun ya kai gwiwa. Daga nan ya ba da umarni a yaye ƙyallaye.



Yara goma sha shida suka zuba wa alluna ido, domin a ces ƙananan sojoji ne ke layin gaba, manya a bayansu. Wata 'yar Nijar mai suna Zalika, ba ta wuce shekara tara ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Hajiya, kayan nan a mota suka kife?"

Hajiya Ramatu ta gyara tabarau. "Wa ya yi mana wannan jeri?"

Haladu ya bugi ƙirji. "Ni da hannuna. Tsarin Masko ke nan."

"Allah sarki. Shekara biyar na yi karatu can, ashe a bayan gari aka ajiye ni. To, a al'adar gasa shugaban shirye-shirye ne ke buɗe wasa. Bismillah, Malam, zauna gaban Zalika ka nuna mana."

Gumi ya keto masa, amma jirgin sama na nan yana jira. Ya naɗe hannun riga ya zauna. Ya yi tunani: a kowace tafiya wa ke gaba? Ya ɗauki sarkinsa, ya tsallake gida uku, ya dangwara shi tsakiyar allo, daidai saitin sarauniyar yarinyar.

Zalika ta dubi sarkin, ta dubi Haladu, ta turo sarauniyarta. Ƙwas. Ta ɗauke sarkin ta ajiye a gefe, ta miƙa masa hannu.

"Baba, an gama."

Dariya ta fashe da harshe huɗu. Babban dattijon kwamiti ya taso a hankali, ya zare lasifikar daga cinyar Haladu ya miƙa wa Talatu, wadda ta shigo da ludayi a hannu. Ya ce mata ta gyara alluna, ta kuma nemo fasfonta.

Haladu yana laluben takalminsa ƙarƙashin tebur, Hajiya Ramatu ta sunkuyo tana share hawayen dariya, cikin ladabi ƙwarai.

"Malam, na gaskata ka. Baturen nan dole ya yi kuka. Ni ma duba idona."