Sarƙar da Aka Gitta a Hanyar Maƙabartarmu

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan Tashar Jiragen Shaƙatawa ta Camar Emas, uban baƙi, mai mabuɗin bakin ruwa, wanda ko kifi ba ya shigowa kogin nan sai da saninsa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda talaka ke yi daga bayan katanga, da fatan sanyin ofis bai yi maka yawa ba. Sunana Sepiah binti Awang Kechik, mutanen ƙauyenmu Teluk Berembang suna ce mini Mak Long, wato babbar gwaggo, mijina kuma Pak Long, babban baffa. Ba ka san fuskata ba, amma hancinka ya san ni. Ni ce tsohuwar da ke shanya daddawar jatan lande a bayan tasharka, wadda ka aiko aka ce ta matsa saboda baƙi. Na matsa. Sai dai ina da wani aiki na biyu: ni ke wanke matan ƙauyen nan in sun rasu. A kan wannan nake rubuto maka.

Mai girma yana da ayyuka da yawa, ƙila bai taɓa leƙo ƙauyenmu ba, to bari in rage masa wahala. A kan taɓo muke zaune. In ka haƙa rami a nan, kafin ka ajiye shebur ya zama rijiya. Shi ya sa tun kakanni muke kai mamatanmu tsibirin Kemboja, wancan da baƙinka ke cewa yana da kyau in rana za ta faɗi. Hanya ɗaya ce, ta bakin kogi, kuma ba a iya sauka a tsibirin sai teku ta cika. Wannan bakin kogin ne Allah ya nufa ka ga ya dace da tasharka. Mijina Deraman kuwa shi ke tuƙa kwale-kwalen gawa tun yana da baƙin gashi.

Ga 'yan koke-kokena, in an yi mini izini.

Na ɗaya, sarƙa. Wallahi sarƙa ce mai kyau, ba mu taɓa ganin mai ƙyalli irinta ba, Allah ya ƙara buɗi. An gitta ta daga wannan gaɓa zuwa waccan, aka ce mai son wucewa ya kira ofis ta oba-oba. Madalla. Wace oba-oba? A ƙauyen nan in kana son kiran mutum, tsayawa kake a bakin ruwa ka ɗaga murya. Aka ƙara da cewa daga azahar zuwa la'asar ba a tada injin kwale-kwale, domin baƙi na barcin rana. Mun gane. Mutumin da ya ratso teku takanas don ya kwanta a kanta da ɗan kamfai, ai ya gaji, dole a tausaya masa.

Na biyu, kuma a nan zan ɗan daɗe, ka yi haƙuri da tsohuwa. Watan da ya wuce Jeliha ta rasu da hantsi, maƙwabciyata, wadda muka tashi tare. Ni na wanke ta, ni na ɗaura mata likkafani. Aka yi mata salla, aka sa makara a kwale-kwalen Deraman, sauran kwale-kwale suka biyo baya. Teku ta cika fal, lokacin sauka ke nan. Muna isa bakin kogi sai ga sarƙarka, sai ga mai gadinka Sudin a tsaye cikin farar riga. Sudin ɗin nan ɗan ƙanen Jeliha ne, ranka ya daɗe, magidanci mai 'ya'ya. Gwaggonsa ce kwance a makarar.

Deraman ya ce masa, "Sudin, buɗe mana, ruwa ba ya jira."

Ya ce, "Pak Long, wallahi mabuɗi na ofis, kuma Manaja na cin abinci da baƙi. An ce kar a katse shi."

Liman ya ce, "To je ka ce masa gwaggonka ce ke sallama."

Bawan Allah ya ruga yana share ido da hannun rigarka. Ya je, ya dawo, ya sake komawa. Muna zaune a rana, na buɗe lema na riƙe wa Jeliha, duk da na san zafi ya daina damunta. Ina tambaya cikin ladabi, me aka ci a wannan rana? Don ko shinkafar biki ce da an gama an wanke tukwane. Da aka buɗe, ruwa ya riga ya janye. Maza suka sauka suka ɗauki makara a ka, suna nutsewa cikin taɓo har cinya, tsofaffi da masu ciwon gwiwa, mijina a gaba. Likkafanin da na ɗaura fari tas, da laka a gefensa aka sa ta a kabari. Na yi kuka ran nan, kuma ba na rabuwa kaɗai ba ne, na baƙin ciki ne.

Na uku. Lokacin da muke jira, baƙinka sun farka. Suka fito saman jiragensu da kofuna a hannu, suka ga jerin kwale-kwale da mutane cikin fararen kaya da koren mayafi mai rubutu a kan makara, liman yana karatu a hankali. Sai suka ciro wayoyi. Wata baiwar Allah mai jan gashi ta ɗaga mana hannu tana dariya, da muka wuce kuwa suka tafa mana raf-raf-raf. Ban ga laifinsu sosai ba, baƙo bai san gawa a ƙasar wasu ba. Amma ku fa? Bayan 'yan kwanaki sai ga hotonmu an buga shi ƙato a ƙofar tasharka, an rubuta a ƙasa wai jerin gwanon gargajiya na masunta, a zo a gani. Tirƙashi! Jeliha da ko a ɗaurin auren 'yarta ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba, yau ita ce ke yi maka talla. Ina ciki ni ma da lemata. Na gode da aka ɗauko ni ta gefen da ba ni da giɓi.

Na huɗu gajere ne. An ce tasharka ta kawo mana ci gaba. Gaskiya ne, yanzu in mun jefa taru muna samun kwalabe masu tsada.

Na biyar shi ne amsarka. Dattawa sun zo ofishinka, ka ba su kujeru masu laushi da ruwan sanyi, sun yaba. Ka ce kamfani na mutunta al'ada ƙwarai, saboda haka za a riƙa buɗe sarƙa ga duk jana'iza, muddin an sanar da ofis mako guda kafin ranar. Liman ya dawo ya faɗa mana a masallaci. Can wani tsoho daga baya ya ce, "Tok Imam, mamacin ne zai kai sanarwar da kansa, ko za a iya aikawa?" Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Ni dai ban raina wannan tsari ba. Na ɗauka mai girma yana da wata hulɗa da Mala'ikan Mutuwa wadda mu ba mu da ita. In haka ne, don Allah a taimaka mana da lambarsa. Ko kuwa a garinku ajali yakan turo ɗan aike ya ce ga shi nan tafe, a gyara tsakar gida? A namu garin mutum yakan ci shinkafarsa da safe, kafin magariba an rufe shi, kuma addininmu bai ba mu damar ajiye shi ya jira ofis ba.

Duk da haka mu masu bin doka ne, shi ya sa na ɗauki biro. Ranka ya daɗe, ga sanarwarka.

Deraman ba shi da lafiya. Asibitin babban gari sun dawo mana da shi, likita ya ce a kai shi gida a ba shi abin da yake so. Kowa ya san ma'anar wannan. Yana kwance kusa da taga, ya rame har zoben hannunsa na zamewa. Uwarsa da ubansa suna Kemboja, da ɗanmu na fari da teku ta ci. Ya nuna mini wurin da yake so tun da daɗewa, kusa da yaron, ƙarƙashin itacen da ke zubar da fararen furanni. Mutumin da ya kai kowa can, ba na jin ya yi zari in ya nemi a kai shi.

Na kuma ga tutoci sun cika tasharka. An ce mako mai zuwa za a yi babbar gasar tseren jirage, manyan baƙi za su zo daga ƙasashe, kuma bakin kogi zai kasance a rufe ga kwale-kwalen ƙauye har a gama. Na je na faɗa wa Deraman, wanda nake kira Abang kamar yadda mata ke kiran miji a nan. Na ce, "Abang, ka daure ka ɗan jira, masu tasha suna da biki." Ka san shi mutum ne da bai taɓa musu da hukuma ba. Ya yi murmushi ya ce, "To, Piah, zan gwada. Amma ki ce musu kar su daɗe."

Yana gwadawa, ranka ya daɗe, ni shaida ce. Sai dai tun shekaranjiya ya daina karɓar kunu, ruwa ma sai na ɗiga masa da cokali. Ranar ce ban sani ba, da na rubuta maka ita da manyan baƙaƙe. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ba mutuwarsa nake tsoro ba, wannan mun daɗe da sallamawa. Tsorona in zauna da gawarsa a gaban sarƙarka ina kallon ruwa na janyewa.

Yau da safe hankalinsa ya ɗan dawo. Ya juya kai wajen kogi ya daɗe yana kallo, sannan ya kama hannuna ya ce, "Piah, sun cire ta?"

Na ce, "Sun cire, Abang. Hanya a buɗe take."

Ya lumshe ido, ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun kafin asibiti.

Tun da aka kawo ni gidan mutumin nan ban taɓa yi masa ƙarya ba, sai yau, kuma saboda kai. Mabuɗi na aljihunka. Ina roƙon mai girma, in an gama cin abinci, ya taimaka ya mai da ni mai gaskiya.

Taka mai biyayya, wadda ke durƙushe a bayan katanga inda aka ce ta tsaya,

Sepiah binti Awang Kechik
Matar Deraman, har zuwa yau
Teluk Berembang