Ranar da Na Ka da Surukina

Lokacin yaƙin basasa, masu gyaran katifa mai sifirin duk sun bar Kano, sai ga katifar surukina Alhaji ta lotsa a tsakiya. Ni maƙeri ne a Sheshe, kaka da kakanni. Ba wanda ya tambaye ni, na buɗe baki na ce, "Baba, sifirin ai waya ce aka nannaɗe. Mu da muke ƙera gatari?"

Na farke katifar, na zubar da duk sifirin da ya gaji. Na gasa waya ta yi jajir, na nannaɗe ta a jikin bututu, na tsoma a ruwan sanyi yadda muke yi wa bakin gatari. Har ina ce wa matata Bature ma albarka. Ashe wayar da aka tsoma haka ba ta lanƙwasa, sai dai ta karye.

Bayan la'asar aka shimfiɗa katifar a zaure, abokan Alhaji sun cika. Alhaji ya yi bisimilla ya zauna. Ƙas! Ƙas! Ƙas! Ya nutse, ƙafafu sama, hula gefe. Wani dattijo ya zaci harbi ne, ya yi waje ba takalmi. Ni kuwa kunyar suruki ta hana ni ko miƙa masa hannu, na tsaya ina kallon ƙasa.

Daga cikin ramin ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri."

Yaƙi ya ƙare, kowa ya yafe wa kowa, ban da ni. Har yau in na shiga taro sai wani ya ce, "Ku zauna a hankali, Ka-da-Suruki ya iso."