Ni da Katafilar Baba Sule

Ba zan taɓa mantawa da ranin da aka gyara hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa ba, 'yan shekaru kafin Turawa su bar mana mulki. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ga sabon lasin tuƙi a aljihu, ga wata tsohuwar tifa da nake ɗebo marmara da ita daga rami in kai bakin aiki. A garinmu Kiru wannan kaɗai ya isa a matsa min a kan tabarma. Amma ni zuciyata tana kan katafila.

Guda ɗaya ce tak a aikin, kuma ba mai hawanta sai Baba Sule, wani dattijo mutumin Bebeji mara yawan magana, wanda ya koyo ta a aikin soja. In na juye kaya, nakan kashe mota, in ɗora haɓa a kan sitiyari in yi ta kallonta daga nesa. Jar ƙasa tana naɗewa a gabanta kamar ana naɗe shimfiɗa, itatuwa suna kwanciya a hankali, inda jiya daji ne yau sai ga fili. A hanyar komawa, duwatsun Doguwa sun yi shuɗi can ƙarshen ido, sai in riƙa ganin kaina da safe a kan katafila ina yanka hanya, da la'asar kuma ni ne farkon wanda zai bi ta da mota. Har gani nake hanyar ta miƙe ta ƙare a ƙofar gidanmu, innata tana leƙowa. (Sau biyu wannan tunanin yana sa ni in wuce mararrabar ramin marmara, sai na yi nisa in farga.)

A lokacin ina neman auren Asabe, 'yar Malam Haruna na Badafi. Wata Juma'a na je gaishe shi, muna cikin hira ya ce, "Na ji an ce akwai wani dodon ƙarfe a wurin aikinku mai tuge bishiya. Kai ma kana hawansa?"

Da na ce a'a da shike nan. Sai na sunkuyar da kai irin na mai kunyar yabon kansa, na ce, "Ana ɗan taɓawa, Baba."

Ba a yi wata guda ba helma, wato shugaban ma'aikata, ya tara direbobi. Ya ce idon Baba Sule ya fara rauni, ana son direba ɗaya da zai riƙe aiki biyu, ranar jigila ya ja mota, ranar yankan hanya ya hau katafila. Ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa hawa. Kafin in yi shawara da kaina, sai na ga hannuna a sama.

Aka sa ranar gwaji, ta faɗo ranar kasuwar Tudun Wada. Malam Haruna ya zo sayen ɗan maraƙi, ya ji labari, ya taho da abokansa biyu su ga surukin da yake ba su labarinsa. Ga leburori, ga 'yan kasuwa, ga matan Fulani sun sauke ƙoren nono a gindin ɗorawa. Na faka tifata a gefe kusa da filin, don kowa ya san mai ita ne zai hau.

Baba Sule ya tayar da inji ya sa giya, na taka sarƙar da katafilar take tafiya a kai na haye. Na zauna, na gyara hula, na miƙa hannu biyu gaba zan kama sitiyari.

Babu sitiyari.

Wata huɗu ina kallon wannan abu, ashe ƙasar da take turawa nake kallo, ban taɓa duban hannun mai tuƙa ta ba. Abin da ke gabana sandunan ƙarfe ne a tsaye, da abin takawa biyu a ƙasa. Baba Sule ya ga hannuwana a iska, ya matso ya rage murya ya ce, "Ɗana, tsaya in nuna maka. Wannan babban shi ne..."

Na hango Malam Haruna yana nuna ni da sandarsa. Na ce wa Baba Sule, "Bar shi, Baba, na gane."

Ya dube ni, ya sauka. Na ja babban ƙarfen, katafila ta zabura. Don kada in faɗi sai na cafki wani ƙarfe na hagu na janyo shi, ƙafata kuma ta danna abin takawa na hagu, inda ta saba samun kuloci a mota. Ashe birkin sarƙar hagu ne. Ɓangare ɗaya ya tsaya cak, ɗayan ya ci gaba da tafiya, muka fara kewayawa a wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Abin mamaki, ban ji tsoro ba da farko. Duniya ce kawai take wucewa ta gabana a hankali: ɗorawa, matan Fulani, helma, surukina, tifata, sai kuma ɗorawa. A zagaye na biyu har na ɗaga kai ga Malam Haruna kamar da gangan nake. A na huɗu na ga matan sun rufe baki da mayafi. A na shida na ga ɗaya daga cikin abokan surukina ya zauna a ƙasa.

Baba Sule ya sa hannu a baki ya ce, "Saki! Saki duka!" Na saki hannu da ƙafa gaba ɗaya. Katafila ta miƙe sak, kuma duk faɗin filin nan ba ta zaɓi komai ba sai tifata. Kafin dattijon ya haye ya mayar da babban ƙarfen, ta lotsa ƙofar direba ta tura motar cikin kwari. Na dai haɗa aikin biyu, a gaban shaidu.

Na sauko. Malam Haruna ya ƙaraso, ya ce, "Sannu da aiki, ɗana. Da ma sai an kewaya tukuna ake farawa?" Har yau ban sani ba ko da gaske yake tambaya.

Na durƙusa na ce, "A'a, Baba. Yau na fara hawa."

Ya ce, "To, ai mun gani."

Helma ya so ya sallame ni nan take. Baba Sule ne ya roƙa, ya ce a bar masa ni. Sauran ranin nan duka giris nake shafa wa sarƙa, ina zaune a gefensa ina kallon hannunsa. An ɗaga aurena zuwa bayan kaka, wai sai an ga hankalina ya zauna. Daga baya na auri Asabe, na kuma riƙe mota da katafila har ƙarfina ya ƙare.

Abin da na koya bai da yawa. Idan dattijo ya buɗe baki zai yi maka bayani, ka bar shi ya kai ƙarshe, ko da surukinka yana kallo. Musamman ma in yana kallo.