Rasuwar Kujera Mai Gadin Wurin Motar Nassirou

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bayan da har yau bai miƙe ba, Nassirou direban tasi na garin Wheaton, can ƙasar Turawa, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kujerarsa, farar nan ta roba, wadda ta cika ranar Laraba da hantsi a bakin aikinta.

Marigayiya ba ta da hayaniya. A ƙofar wani gida ya tsince ta shekarar da ya zo daga Maraɗi, ya wanke ta, suka zauna lafiya. Ta halarci sunan ɗiyar Safiatou 'yar garinsu. Ta ɗauki Alhaji Ɗan Azumi da duk girman jikinsa, ba ta ce komai ba sai “ƙiiƙ”, shi ma a hankali, don kada Alhaji ya ji kunya.

Da ƙanƙarar Fabrairu ta sauka, masu motar kwashe ƙanƙara suka share babban titi tas, layin su Nassirou kuwa ko leƙe. Sai shi ya yi wuni guda da shebur yana tono motarsa. To mutanen nan suna da al'ada: wanda ya haƙa wuri, in zai fita sai ya ajiye kujera a ciki, kowa ya san wurin da mai shi. Nan marigayiya ta kama aikin gadi, ba riga ba safa, kullum ya dawo ya same ta tsaye.

Ga yadda ajali ya zo. Nassirou mutum ne mai tausayi. Da ya ga tsofaffin layi suna zamewa, sai ya tafasa ruwa tukunya-tukunya ya kwarara a titi. Ƙanƙara ta narke kuwa, har aka sa masa albarka. Cikin dare sanyi ya daskarar da ruwan, gari na wayewa titi ya zama madubi, sai santsi. Madam Edna maƙwabciyarsa ta fito da mota a hankali kamar yadda ta saba, ta taka birki, mota ta ƙi ji, ta taho a karkace. Marigayiya ba ta gudu ba. An ji “ƙas” sau ɗaya, shi ke nan. Edna lafiyarta lau. Nassirou ya yafe mata, ya yafe wa masu kwashe ƙanƙara ma, in sun zo zai faɗa musu.

Ta rasu ta bar shebur mai lanƙwasasshen baki, da tukunyar da ake zargi, da wurin mota maraya, wanda Martins na gidan tsallake ya fara kallo ta taga. In wurin nan ya tafi, babu inda tasi za ta kwana, kuma Nassirou ba shi da ƙarfin sake haƙa wani.

Za a kai marigayiya makwancinta ranar da motar shara ta samu hanyar shigowa layi. Kafin nan tana kwance a kan tudun ƙanƙara, ba abin da zai same ta.

Ana karɓar gaisuwa a daidai inda ta faɗi. Kada a zo da mota, kada a zo da ruwan zafi. Nassirou yana roƙon a riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, daga asuba zuwa magariba, kowa ya sa riga mai kauri ya tsaya a tsakiyar wurin har na bayansa ya iso. Shi zai ɗan leƙa aiki ya dawo.